Wai mu ba mu da inuwa

Huɗu da rabi na asuba aka ɗauke wuta, fanka ta yi ɗan juyinta biyu ta tsaya, barci ya ƙare ke nan. Na yayyafa wa katifa ruwa kamar jiya, kafin in idar da salla ta bushe ƙayau. Da azahar waya ta nuna min zafi ya kai digiri 43, ban sake dubawa ba, in na duba me zan yi.

'Yan garuwa sai wajen goma suka leƙo. Auta duk wuyansa ƙurajen zafi, na barbaɗa masa hoda ya koma kamar an tsamo shi daga buhun fulawa.

To ga abin da ya zaunar da ni rubutu. Kun san maganar canjin wurin aikin Abbansu daga nan Sakkwato, takarda dai ba ta fito ba har yau amma zancen ya fi karkata Maiduguri. Bayan la'asar muna tsakar gida ni da Inna ina tsinkar zogale sai ga kiran faccalata da ke Maiduguri a WhatsApp, na buɗe murya don su gaisa. Ko gama gaisuwar ba a yi ba ta ce wai ta ji labari, Allah ya kusa fitar da mu daga tanderu. Tanderu fa! Na ce haba Anti ku ma ai ba a firji kuke ba. Ta ce zafi kam ba ta musu, Afrilu da Mayu su ma kwana suke a waje, amma su suna da inuwa, mu kuwa a Sakkwato daga rana sai mu.

Kuma gaskiyarta ce, shi ya fi ba ni haushi. Da muka je sunan ɗanta na biyu abin da na fara gani ke nan, dogon yaro a jere gefen titi hagu da dama, tsofaffin bishiyu masu kauri, maza sun baje tabarmi a ƙasa da hulunan zanna da butar shayi kamar ba a san ana rana ba. Nan kuwa ki hau kabu-kabu daga Mabera zuwa babbar kasuwa da ƙarfe biyu, kafin ki isa hijabinki ya yi ɗumi kamar an sauke shi daga guga.

Inna ta ce miƙo min ita nan. Ta karɓi wayar ta kai bakinta kamar mai shan fura, ta ce, "Ke Babarbara, mi kunka sani in ba kihi da turare ba? Zahin garinga na waliyyai na, nan Shehu yake kwance." Faccalata ta kwashe da dariya ta ce Inna ai ku Fulani ko a wuta aka ajiye ku in dai da nono ba za ku motsa ba, Inna ta ce awo, ku kuma bayinmu na tun fil azal. Haka suka yi ta yi, ni ina dariya har da hawaye, kun san wasan Fulani da Barebari ba a jin zafinsa.

Sai na tsoma baki. Ni Bakanuwa, da ba ni da gado a wasan.

Ban san daga ina maganganun suka dinga zuwa min ba wallahi. Ni da kullum sai na tsine wa garin nan a shafin nan, shekara shida ina kukan ruwa da wuta da rana, yau ni ce lauyar Sakkwato. Na ce mu albasa a ƙofar gida ake nomata, ga nama mai araha, ga furar da ko a Kano ban sha irinta ba. Ta ce su kuma fa bandar Tashar Baga da burabusko da soyayyar fara, kuma in zo in ga Kasuwar Monday in daina kiran tamu kasuwa. Na ce mu ko ina za mu mashin ne ɗaf, su tun 2011 aka hana hawa mashin a cikin gari, sai ka tsaya jiran keke ya cika. Ta ce ai gara haka, mace da lafayarta ba ta ɗare mashin. Na ce wuta fa, ba ku ne aka lalata wa turakun lantarki a hanyar Damaturu a 2021 ba kuka yi watanni a duhu? Ta ce yanzu suna da tashar iskar gas tasu ta kansu a cikin gari, in faɗa mata tun yaushe rabonmu da wuta yau. Na yi shiru, fanka na kallona.

Da nan na tsaya da shi ke nan. Sai bakina ya ce, "Mu dai ko ba inuwa ruwa bai taɓa tashin mu cikin dare ba."

Shiru. Har na zaci layin ne ya yanke.

Kun tuna dai, 10 ga Satumba 2024, daren da madatsar Alau ta ɓalle ruwan Ngadda ya shigo gari, ya ci Gwange, ya shiga kasuwa da gidan zu har fadar Shehu. Ita a Gwange suke. Da zanin jikinta ta fito, jariri a baya, babban a kafaɗar Yaya mijinta, kayan ɗakinta kaf da kwalaben humrar da take sayarwa ba abin da ta tsira da shi. Ni ce fa na haɗa mata atamfofi biyu da hijabai na ba direba. Duk na san wannan, kuma na faɗa, a kan gardamar bishiya.

Can ta ce, "Haka ne Maman Auta, Allah ya kiyaye gaba." Ta ce a gaida yara, ta kashe. Inna ba ta ce min komai ba, ta dai ja farantin zogalen gabanta ta ci gaba da tsinka, wanda ya fi min zagi ciwo.

Da daddare na ba Abbansu labari, ya fara da dariya, wai tun wasiƙun Sarkin Musulmi Bello da Shehu Laminu ake gardama tsakanin Sakkwato da Barno ba a gama ba sai ni zan gama ta. Da na kai wajen ruwan sai dariyar ta tsaya. Ya ce ki kira ta. Na ce gobe. Ya ce yau.

Ni kuma da na zauna na auna, ban ma san me nake karewa ba. Daga gida Kano kusan tafiya ɗaya ce, nan in za mu je sai an yi ta addu'a tsakanin Gusau da Funtuwa, can kuma tsakanin Damaturu da Maiduguri wajen su Jakana da Auno. Zafin ɗaya, ƙurar hunturu ɗaya, can sauro nan sauro. Ina jin dai ba na son a sake ɗaure kaya ne, a nemi sabuwar islamiyya, sabon mai nama, sabuwar maƙwabciyar da zan iya bar wa Auta in leƙa asibiti. Sai da na yi shekara biyu a nan kafin in daina dariya in an ce min "mi kika so". Yanzu kuma in koma koyon "nda watu". Kuma in takardar ta fito ita ce za ta tare ni a tasha, ita za ta nema mana gidan haya, ita za ta nuna min inda ake sayen komai.

Na kira sau biyu ba ta ɗaga ba, ƙila tana wajen yara. Na tura saƙon murya, na goge, na sake yi, na biyun ma duk kame-kame ne amma na bar shi. Ya shiga, ba ta buɗe ba.

Cajina saura 9. Wuta ba ta dawo ba, mun fito da tabarma da gidan sauro tsakar gida, siminti har yanzu da ɗumi sai da na kwara masa bokiti guda. Gobe Alhamis akwai awon Inna a asibiti, in tuna in saka ruwa a kula tun da asuba.