Jaket a ƙarƙashin bel: yadda muka kwashe da Umma a sanyin Winnipeg

A watan Disamba na haihu, a Winnipeg, garin da su kansu 'yan Kanada suke yi wa tsiya saboda sanyi. Wanda ya taɓa zama a nan ba sai na ɓata bakina ba. Digiri 25 ko 30 ƙasa da sifili ba labari ba ne a Janairu, in iska ta taso kuma jiki ya ji kamar 40. Mota ma sai an jona mata wuta da dare, shi ya sa za ki ga filogi yana leƙowa daga gaban motoci. Hukumar yanayi ta ƙasar tana gargaɗin cewa in sanyi da iska suka haɗu suka kai tsakanin 28 da 39 ƙasa da sifili, fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. To ina ga ɗanyen jariri?

Da wannan fargabar muka yi sayayyar haihuwa. Ita kujerar mota ta jarirai, wadda ake ɗaure yaro a cikinta da bel ɗinta, ba ta ba mu wahala ba. Sabuwa muka saya, mai zagayayyen tambarin nan na gwamnati da ganye a tsakiya, shaidar ta cika ƙa'idar tsaro, maigidana ya kafa gindinta a kujerar baya tana kallon baya, magana ta ƙare. Abin da ya ci mana kuɗi, ya kuma kusa sa na yi sa-in-sa da mahaifiyata, wata jaka ce mai kauri, cikinta gashi-gashi mai laushi. Shimfiɗa ta ake yi a cikin kujerar, a zuro bel ta ramukan da aka huda mata, a kwantar da yaro a kai, a ja zif har wuya. A layi ɗaya take da kujerun a kantin. Hoton da ke jikin kwalinta ma jariri ne a kujerar mota yana sharar barci. Wa zai ga wannan ya kawo wani abu a ransa? Muka haɗa da kumburarriyar jaket mai haɗe da wando da hula, irin wadda in an sa wa yaro hancinsa kawai ake gani.

Umma ta zo daga Kano don zaman jego. Matar da in hunturu ya sauko digiri 12 take sa a hura gawayi a tsakar gida, ita ce ta sauka a filin jirgi ta tarar da gari fari fat. Tun ranar ta kafa doka a kan jikanta, wanda take kira angonta: singileti, riga, suwaita, jaket ɗin, shawul, sannan a zura shi a jaka. Ni kuwa daɗi nake ji, don ni ma abin da zuciyata take so ke nan.

A Manitoba, lardin da Winnipeg take ciki, in an sallame ki daga asibiti, nas ɗin lafiyar al'umma takan neme ki, ta zo har gida ta duba ki da jariri. Tamu ta gama awo, ta tashi tafiya, sai idonta ya faɗa kan kujerar a bakin ƙofa da jakar a shimfiɗe a ciki. Ta tsaya. Ta ce a cire jakar, kuma kada a ɗaure shi da jaket ɗin a jikinsa.

"Me take cewa?" in ji Umma.

"Umma, wai jakar nan ba ta mota ba ce. Jaket ɗin ma wai a cire masa kafin a ɗaure shi."

"A cire? A wannan masifar? Tambaye ta, ita tana da 'ya'ya kuwa? Ku za ku kashe min miji da limoniya."

Ban fassara ba. Matar dai ta ga fuska ta gane, sai ta ajiye jakarta ta ce mu gwada a gabanta. Muka shirya shi tsaf yadda Umma take shirya shi, muka sa shi a kujera, na ja bel ɗin har na ji ba sauran inda zai je. Ta ce in ɓalle maɓallan amma kada in sassauta komai. Muka fito da shi, muka cire jaket da jaka, muka mayar da shi daga shi sai riga da suwaita, na sake ɓalla maɓallan.

Har gobe in na tuna abin da na gani sai gabana ya faɗi. Bel ɗin da na rantse ya kama shi gam, ga shi ya yi lako-lako, ya zame daga kafaɗunsa. Na cusa dunƙulen hannuna tsakanin ƙirjinsa da maɓallin, ya shige ba gardama. Ashe ba yaron bel ɗin ya kama ba, iska ya kama. Duk kaurin nan iska ce a cikin zare, kamar buhun auduga da za ki gan shi tim, ki zauna a kai ya koma faifai. Hannuna ba zai iya matse jaket ɗin haka ba, amma ƙarfin karo yana matse shi cikin ƙiftawar ido, sai wannan ramin ya buɗe, jikin yaro ya yi tsalle a ciki, in abin ya yi muni ma ya sulluɓe ta sama. Ita jakar kuma ta fi, don a bayansa take, tsakaninsa da kujerar, tana kuma karkatar da bel ɗin daga inda ya kamata ya bi.

Umma ta daɗe tana kallon hannuna. Can ta ce, "Allah ya kiyaye." Ba ta ƙara ba. Wanda ya san Umma ya san wannan ba ƙaramar sallamawa ba ce.

Abin da yake ba ni haushi har yanzu shi ne yadda ake sayar da jakar nan ido na ganin ido. Hukumar sufuri ta Kanada ta sha faɗa cewa kayan ƙari da ba su zo tare da kujera ba, ba a gwada kujerar da su ba. Littafin kujerar tamu ma ya hana sa komai a bayan yaro in ba wanda kamfanin ya haɗo ba. Amma ga ta nan a jere kusa da kujerun, ba wanda ya ce mana uffan da muke biya. Da maigidana ya mayar musu suka ce an buɗe, an wanke. To da ma wace kaka ce za ta bari a sa wa jariri kaya ba a wanke ba? Ƙarshe keken tura jariri muka mayar da ita, a can ba ta da laifi.

Yadda muka koma yi ba wani abin wahala ba ne. Kujerar jarirai tana cirewa daga gindinta, don haka a ɗaki take kwana, ba a mota ba. A cikin ɗumin falo nake shirya shi: riga mai dogon hannu da ta kama jiki, wando, siririyar suwaita, safa biyu, hula mai rufe kunne, safar hannu. In ɗaure shi, bel ya fito daidai kafaɗa ko ƙasa da ita kaɗan tunda baya yake kallo, maɓallin ƙirji ya tsaya daidai hammata. Sai in gwada tsunkular bel ɗin a kan kafaɗarsa da yatsu biyu. In ya naɗu a yatsuna, da saura. In yatsun suka zame, ya yi. Daga nan fa sai in sakar wa Umma fili. Bargo, shawul, duk abin da ranta yake so, ta lulluɓa a sama ta cusa gefe da gefe, muddin ba a ƙarƙashin bel ba, kuma fuska a buɗe. Da haka muka shirya da ita. Muka ƙara da murfi mai roba a baki wanda ake ɗora wa kujerar ta sama kawai, ba ya shiga bayan yaro.

Sai ga wani abin da ban zata ba, wato zafi. Hitar mota in ta kama, ciki ya kan yi ɗumi sosai, mu a gaba muna zuge zif ɗin rigunanmu, shi yana baya ƙarƙashin bargunan Umma. Wata rana da muka isa kasuwa na ɗaga shi na ji ƙeyarsa sharkaf da gumi, ga shi za a fita da shi cikin iska. Jiƙaƙƙen yaro a wannan sanyin ya fi wanda aka rage wa kaya shiga haɗari, likitoci kuma suna lissafa yawan zafi cikin abubuwan da ke jawo mutuwar jarirai ta farat ɗaya a cikin barci. Umma hannunsa take taɓawa, ta ji sanyi, ta ƙara shawul. Hannun jariri kuwa kusan kullum da ɗan sanyi yake. Ƙeya ko ƙirji ake taɓawa. Nan ma bargon sama ya fi jaket, don wanda ke zaune kusa da shi zai iya yaye ɗaya ba sai an tsaya an kwance bel ba.

Jaket ɗin ba mu jefar ba, yana bin mu duk inda za mu, tare da ƙarin bargo, don in mota ta mutu a hanyar bayan gari hita ta mutu ke nan. In dusar ƙanƙara ta zuba da dare kuma, maigidana ba ya tayar da mota sai ya share bakin salansa, saboda in ya toshe hayaƙin ciki yake komawa, mai kisan a cikinsa kuma ba shi da wari.

Wahalar gaske sai da ya girma ya bar ƙaramar kujerar ta zo. Babbar a mota take kwana, da safe ƙarafunan maɓallanta har ƙona yatsa suke don sanyi. Yanzu sai a ɗumama mota, a sunkuto shi da jaket, a shiga a rufe ƙofa, a cire jaket yana ihu yana banƙarewa, a ɗaure, sannan a juya jaket ɗin a zura masa hannuwa ta gaba, bayan rigar ya rufe ƙirji a saman bel. In an isa a kwance, a sake sawa. Dokar Manitoba kuma ba ta sakin yaro daga kujerar yara sai ya kai shekara 9, ko tsawon santimita 145, ko nauyin kilo 36, don haka ba aikin hunturu ɗaya ba ne.

Maigidana ne yake neman gajiya. Ran nan za mu kai shi gidan raino, mun makara, sai cewa ya yi, "Haba, nan da nan ne fa, bar shi da jaket ɗinsa yau kawai." Titin kuwa ya daskare, motoci sai zamewa suke a mahaɗar hanyar bakin layinmu. Na ce masa in yana sauri ya riƙe min ƙafafun yaron, in cire hannun hagu.