Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Shekarar da Kacala Ta Cinye Mana Fadama

Makon jiya na tsaya a ranar da Baba ya danƙa mini filafili ya ce na isa tuƙa kwalekwale ni kaɗai. Ashe ruwan da ya gadar mini ya riga ya fara kuɓuce mana.

Ƙauyenmu yana bakin Marma, rafin da ke kai ruwan kogin Haɗeja tafkin Nguru. A zamanin ƙuruciyar Baba, ruwa yakan cika da damina ya janye da rani, a bi sawunsa a shuka wake da masara a danshin da ya bari. Kacala, doguwar ciyawar nan ta ruwa, tana nan tun da can, amma 'yan tsiraru ce a lungu, rani na yi ta bushe. Da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, sai ruwa ya daina yankewa. Abin da kacala take so ke nan: ruwa marar zurfi, shekara zagaye. Saiwarta tana tafiya a ƙarƙashin taɓo, irinta kuma iska ke ɗauka kamar auduga.

Na fara ganewa ne da bado. Akwai wani gurbi da muke nutso mu tono wa Inna saiwarsa, mu tsinko 'ya'yan. Wata safiya na je na tarar babu fure ko ɗaya, sai kacala tsaye ta fi ƙato tsawo, ta rufe ruwan har rana ba ta sauka ciki. Na tura hancin kwalekwale ya ƙi shiga. Tarunmu kuwa kullum a yage, tarwaɗa da ƙarfasa sun shige inda hannu ba ya kai.

Sai kacalar ta toshe hanyar ruwa da laka. Ruwan da ya kamata ya wuce ya koma ya kwanta a gonar shinkafarmu, alhali mutanen wasu garuruwan suna kukan rafinsu ya ƙafe. Ɗan abin da ya tsira kuma tsuntsayen jan-baki suka sauko masa, don a cikin kacalar suke kwana. Ni da ƙanena mun wuni muna kaɗa gwangwani har muryarmu ta dishe. Buhu uku muka ɗauka a gonar da Baba yake cewa tana ciyar da gida har wata kakar.

Mai unguwa ya kira gayya. Muka shiga ruwa iya ƙirji da lauje, ana yanke ta a ƙasan ruwa domin kututturen ya shaƙe ya ruɓe. Ganyen yana tsaga hannu, matsattsaku suna manne a ƙafa. Bayan wata biyu na fara fitsarin jini, aka ce tsargiya ce.

Daren da na ji sauƙi Baba ya kira ni zaure.

"Ɗan nan, ruwan nan ba zai riƙe mu duka ba. Kawunka na Kano ya aiko."

Na ce, "Baba, wa zai taya ka jan taru?"

Bai amsa ba, sai ya miƙo mini kuɗin mota a ƙulle cikin tsumma. Daga baya Inna ta gaya mini tarun ya sayar.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan ba ku labarin saukata Kano da kwanana na farko a tasha.