Kanun labari ya cinye labarin

Duk wanda ke bin labarai ta wayar hannu a Kaduna ya san irin kanun da suka cika shafukan Hausa a 'yan shekarun nan. Za a fara da "Yanzu-yanzu" ko "Da ɗumi-ɗumi", wani lokaci a sa "Innalillahi" da manyan baƙaƙe, sai a ce wani fitaccen mutum ya yi babban rashi, amma ba za a faɗi sunansa ba, ba kuma za a faɗi rashin ba. Mutum ya taɓa, gabansa na faɗuwa, shafin ya ɗauki lokaci yana buɗewa yana zuƙe data, tallar maganin basir ta rufe rabin fuskar wayar, tallar caca ta rufe sauran. Da ƙyar zai kai ga rubutun, ya tarar da sakin layi uku: na farko ya maimaita kanun, na biyu ya ce "majiyarmu ta rawaito" ba tare da an san majiyar ba, na uku kuwa ya ce cikakken bayani na nan tafe. Bayanin ba ya zuwa.

Ba na ganin lalacewar tarbiyyar masu rubutu ce kaɗai ta jawo wannan, domin tushen abin yana cikin yadda kuɗi ke shigowa. Mafi yawan waɗannan shafuka ba sa karɓar ko sisi daga mai karatu, suna rayuwa ne a kan talla, musamman wadda Google ke liƙa musu, kuma ana biyansu gwargwadon yawan waɗanda suka buɗe shafin suka ga tallar ko suka taɓa ta. Abin da ake biya a kan mai karatu daga Najeriya bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na Amurka ko Ingila, saboda haka sai an tara dubban mutane kafin a ga abin kirki. A wannan lissafi, wanda ya karanta rahoto har ƙarshe ya ƙaru da wanda ya buɗe ya yi tsaki ya fita kusan darajarsu ɗaya. Tura wakili Birnin Gwari ko Kafanchan yana cin kuɗin mota da masauki da kwanaki, ga kasadar hanya, alhali kwafo abin da wani ya rubuta a canza masa kai ba ya cin minti goma.

Tsohuwar jarida tana da nata birkin. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, da New Nigerian da ta fara fita a nan Kaduna a ranar 1 ga Janairu, 1966, sai mutum ya sa hannu a aljihu yake samunsu, kuma wanda aka yaudara yau zai yi tunani kafin ya saya gobe. Ba wai ina wanke su ba ne, domin jaridu ne da gwamnati ke riƙe da su, kuma akwai abubuwan da suke kau da kai a kansu. Amma akwai edita da ake sanin sunansa da ofishinsa, akwai wanda zai tambayi wakili wa ya gaya masa, a ina, kuma ya ji ta bakin ɗaya ɓangaren ko bai ji ba. Yawancin shafukan yau mutum ɗaya ne da wayarsa, shi ne wakili, shi ne edita, kuma babu adireshin da za a je a same shi.

Da abin ya tsaya a ɓata lokaci da data, da da sauƙi. Kaduna gari ne da ya san kuɗin magana. A watan Nuwamba na 2002, rubutu guda a wata jarida game da gasar sarauniyar kyau ta duniya ya zama sanadin rikicin da ya ci rayukan mutane fiye da 200 a wannan gari, a lokacin da babu Facebook babu WhatsApp. Yanzu kuwa hoton gawarwaki daga wata ƙasa yana iya zagaye Tudun Wada da Rigasa da Sabon Tasha kafin a idar da sallar isha'i, an rubuta a ƙarƙashinsa cewa a Kudancin Kaduna aka ɗauke shi. BBC ta yi bincike a kan irin wannan bayan kashe-kashen jihar Filato na watan Yuni na 2018, inda ta nuna yadda hotunan da ba su da alaƙa da rikicin suka ƙara rura wutarsa. Kafin nan ma, a 2014, jita-jitar cewa wanka da ruwan gishiri da shansa na kare mutum daga cutar Ebola ta tayar da gidaje da tsakar dare, har aka yi asarar rayuka. Kanun da aka tsara don ya tsorata mutum ko ya harzuƙa shi ya fi kowane saurin yaɗuwa, kuma masu shafukan sun san haka.

Abin da ya fi damuna shi ne labarin da aka daina rubutawa. Jihar nan tana da ƙananan hukumomi 23, kowacce na karɓar kaso daga asusun tarayya duk wata, amma da wuya a ga shafin Hausa da ya bi sawun kuɗin ya faɗa mana inda suka shiga. Shari'ar da aka yi ta kururuwa a kanta ranar da aka kama mutum, babu mai komawa kotu ya ji yadda ta ƙare. Ruwan famfo, kuɗin makaranta, farashin taki a Giwa ko Soba, duk ba sa jawo taɓawa kamar rigimar 'yan fim, saboda haka an bar su.

An yi ƙoƙarin magani ta fuskoki daban-daban. Facebook ya sanar a 2014, ya sake a 2016, cewa zai rage yaɗa kanun yaudara, amma wanda ke duba shafukan Hausa ya san har yanzu suna nan daram. Akwai masu tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check, kuma suna aiki mai kyau, sai dai gyaransu kan iso ne bayan ƙaryar ta gama zagaye gari. Dokar laifukan intanet ta 2015 kuwa, sashenta na 24 ya fi yin suna wajen kama 'yan jaridar da suka taɓa masu mulki, har aka yi masa gyaran fuska a 2024. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya taɓa tambayar wanda zai biya kuɗin motar wakilin da zai je Birnin Gwari ya gani da idonsa.