Filazma Mai Sanyi da Iyakar Aikinta Wajen Tsaftace Kaya

Duk wanda ya taɓa ganin walƙiya a sararin samaniyar Jos lokacin damina ya ga filazma, ko da bai san sunanta ba. Iska ce da ƙarfin lantarki ya ratsa har ƙwayoyinta suka rarrabu, kuma masanin kimiyya ɗan Amurka, Irving Langmuir, shi ne ya laƙaba mata wannan suna a 1928. Wadda ake tsaftace kaya da ita a cikin na'ura ake samar da ita, kuma ba ta da zafin da zai ƙona abu. Sinadaran iskar oksijin da naitirojin masu saurin ci da take fitarwa, haɗe da hasken da ido ba ya gani, su ne ke huda bangon ƙwayoyin cuta, su kuma wargaza wasu sinadarai masu guba.

A asibiti ne amfaninta ya fi fitowa fili. Tukunyar tururi da aka saba dafa kayan tiyata a ciki tana kaiwa digiri 121 a ma'aunin Salsiyus, zafin da ke lalata kayan roba da ƙananan kyamarorin da ake zurawa cikin mutum, ita kuma iskar etilin oksayid da ake komawa gare ta tana iya haddasa ciwon daji, kuma sai an bar kayan sun sha iska na sa'o'i masu yawa. Na'urar filazma mai suna Sterrad, wadda ta shiga kasuwar Amurka a 1993, tana aiki da sinadarin haidurojin feroksayid a kusan digiri 50, ta gama cikin kimanin sa'a guda. Gaskiyar magana, tururin sinadarin ne ke yin yawancin kisan ƙwayoyin cutar, ita filazma tana mayar da ragowarsa ruwa da oksijin, abin da masu talla ba su cika ambata ba.

Sai dai a saman abu kawai take aiki. Almakashin da jini ya bushe a jikinsa dole a wanke shi a busar tukuna, auduga da takarda kuwa ba a saka su, domin suna shanye sinadarin.

Wannan iyaka ce ta sa nake taka-tsantsan idan aka kawo maganar abinci. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari na daikulobos. Gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna filazma na rage ragowar maganin feshi da dafin da funfuna ke haifarwa a bayan hatsi da kayan lambu, amma abin da ya riga ya ratsa cikin ƙwayar wake ba ta kai masa. Ga tumatir da kabejin da ake lodi a kasuwar Farin Gada ta Jos, ruwa mai tsabta da daina feshi gab da girbi sun fi sauƙi da arha. Asibitocinmu kuwa, kafin su sayi na'urar, ya kamata su tabbatar da tsayayyiyar wutar lantarki da hanyar samun sinadarin a kai a kai.