Kakin da ke jikin dutse ya kusa ɓata min hulunan waya

Naɗa wa gogaggen dutse hula da waya, don a rataye shi a sarƙar wuya, ba shi da wata wahala. Ka samu wayar jan ƙarfe mai laushi, ka naɗa ta a jikin filaya mai zagayayyen baki, sama a tsuke ƙasa a buɗe, ka lanƙwasa kunnen da sarƙa za ta bi, shi ke nan hula ta fito. Matsalar tana wajen haɗuwar hular da dutsen, kuma a nan ne na sha haushin da har yau bai gama sakina ba.

Na sayi wasu duwatsun aƙiƙ masu siffar ɗigon ruwa, kai siriri gindi mai faɗi. Sheƙinsu ne ya ja ni, don ban taɓa riƙe aƙiƙ mai ɗaukar ido irinsu ba. Na yi musu huluna da wayar milimita 0.8, wadda masu sayarwa ke kira lamba 20, na ƙawata gefen da siririya ta milimita 0.4, wato lamba 26. Na haɗa gam ɗin nan mai ruwa biyu daidai wa daida, na zuba a cikin hula, na danna dutse, na bar su awa 24 ban taɓa ba. Da na ja da hannu, ko motsi ba su yi ba. Na ba ƙanwata ɗaya, wasu suka tafi hannun masu saye.

Ba a jima ba ta kira ni. "Yaya, ga hula nan a wuyana, amma dutsen babu shi." Kafin in gama juya maganar, wata da ta saya ta aiko min da hoton nata dutsen, ya faɗo a kan siminti gefensa ya ɓare.

Da hular ƙanwata ta dawo hannuna na leƙa ciki, abin da na gani ya ɗaure min kai. Gam ɗin yana nan daram, bai tsage ba, bai farfashe ba. Ya ɗauki siffar kan dutsen tsaf, cikinsa sumul yana ƙyalli. Wato jikin waya kawai ya kama, dutsen kuwa tun farko bai riƙe shi ba. Na ɗauko ragowar duwatsun na jefa a ruwan zafi, sai ga maiƙo yana tasowa a saman ruwan. Na murza ɗaya da babban yatsa na ji danƙo. Ashe kaki aka shafa musu. Da na wanke su tas, rabinsu suka dushe, ƙananan ramuka da tabon da ba a gama gogewa ba duk suka bayyana. Gugar dutse a injin juyi aikin makonni ne, ana sauya garin guga daga mai kaushi zuwa mai laushi, to wani ya gaji a hanya ya rufe aibin da kaki, ya sayar min bai ce uffan ba. Wannan shirun ne ya fi ƙona min rai. Da ya faɗa min, wankewa kawai zan yi.

A ganina ɗumin jiki da gumi da lilon da kan sarƙa ke yi a ƙirji su suka ƙarasa aikin, shi ya sa jan da na yi da hannu a kan tebur bai nuna komai ba.

Yanzu duk dutsen da ya shigo hannuna, ko wa ya sayar min, sai ya sha ruwan zafi da sabulu, sannan in goge kansa da sifirit, kuma daga nan yatsana ba ya sake taɓa wurin. Idan aƙiƙ ne mai launi mai ƙarfi sosai, shuɗi ko ruwan hoda, ina fara gwada sifirit ɗin a ɗan gefe, domin yawancin irin waɗannan rina su ake yi, kuma wani rinin yana zuba.

Amma wanki kaɗai bai kwantar min da hankali ba. Abin ya sa na dubi siffar dutsen da kyau. Kan ɗigon ruwa sama yake tsukewa, saboda haka babu inda hula za ta maƙale. Nauyin dutsen gaba ɗaya a kan gam yake, kamar ka riƙe jiƙaƙƙen sabulu ta kansa da yatsu biyu. Ko babu kaki, santsin da ya sa dutsen ya yi kyau shi ne ke hana gam samun wurin kamawa. Sai na fara karce kan dutsen, daidai inda hula za ta rufe, ina kuma yanka ɗan layi kewaye da shi, zurfinsa bai kai rabin milimita ba. Siririyar wayar nan ta 0.4 tana kwanciya a cikin layin, in zagaya sau biyu, in ɗaure ta a jikin hular. Yanzu waya ce ke ɗauke da dutsen, gam taimako kawai yake yi.

Kada ka ɓata magagarin ƙarfenka a kan wannan yanka. A ma'aunin taurin duwatsu da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, aƙiƙ yana tsakanin 6.5 da 7, magagari kuwa bai wuce 6.5 ba, zamewa kawai zai yi ta yi. Ƙaramin magagari mai garin lu'ulu'u, wato daimon, ne ke cin sa. Kuma a jiƙe ake yi, don ƙurar irin wannan dutse tana illa ga huhu.

Ba kowane dutse nake yanka wa layi ba. Masu taushi irin malakait da fulorait ba sa wuce 4 a ma'aunin, bakin filaya ma yana iya yi musu tabo, fulorait kuma yana da saurin darewa. Su ina fitar da ƙafafu huɗu daga hular, su gangara su wuce inda dutsen ya fi faɗi, su haɗu a ƙasa. Waya tana ɗan rufe kyan dutsen, na yarda, amma ya fi min a dawo min da hula babu dutse.

Sufa gulu kuwa ban yarda da shi a wannan aiki ba ko kaɗan. Yana barin farin hazo a gefen hula, kuma idan ya bushe ba ya jure bugu.

Kunnen hula ma yana son kulawa. Jan ƙarfe yana ƙara tauri duk lokacin da aka lanƙwasa shi ko aka buge shi, saboda haka nakan ɗan bubbuga kunnen da ƙaramar guduma don kada nauyi ya buɗe shi. Idan wayar ta yi tauri tun ban gama naɗi ba, ina gasa ta har ta ɗan yi ja in tsoma a ruwa, laushinta ya dawo. Wannan sai wayar da ba a shafa mata komai ba, kuma kafin ta hau dutse.

Duk waɗanda na sayar na bi na karɓo su, na ɓamɓare hulunan na sake aikin. Wasu duwatsun da suka dushe bayan wanki ban iya mayar wa masu su ba, sai da na nemo wasu na musanya. Wanda ya ɓare bai gyaru ba. Sababbin hulunan na ƙara musu zagaye biyu a tsawo don su rufe layin da karcen, kuma kafin kowanne ya bar hannuna ina rataye shi a igiya, in ɗumama shi a tafin hannu, in fizge shi da ƙarfi a kan tawul.