Agogon hannuna da lissafin kalori

Yau na gama gudun minti 40 a kan injin motsa jiki, riga sharkaf da zufa, na duba agogo ya ce na ƙona kalori 520, injin kuma yana nuna 340, jiki ɗaya fa, gudu ɗaya. Wallahi abin ya tsaya min a rai don wata uku kenan da lambar agogon nake auna abincina. Ashe bugun zuciya da motsin hannu kawai agogon yake ji, sauran kintace ne daga shekaru da nauyi. Jami'ar Stanford ta gwada irin agogon nan guda 7 a 2017, wanda ya fi kusa ma a lissafin kalori ya kauce da kashi 27 cikin 100.

Bugun zuciya dai zan ci gaba da dubawa, amma na daina ƙara abinci saboda lambar nan.