Ni'imar da Ba Ma Sakawa a Lissafi

Ɗan ƙanwata ya kai keken ɗinkinsa kasuwa ana ciniki, wai zai haɗa kuɗin mota zuwa Agadez, daga can ya tsallaka Libiya. Da na tambaye shi dalili sai ya ce, "Kawu, ni fa ba ni da komai a ƙasar nan." Yaron yana da sana'a a hannu, yana da lafiya, mahaifiyarsa tana raye tana rufe masa tuwo a kwano kowane dare, amma duk wannan bai shiga lissafinsa ba. Maganar ta soke ni, domin da bakina na taɓa faɗin irinta.

Bayan shekarar 1986, lokacin da gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP darajar naira ta faɗi, ina aiki a wata masaƙa a Bompai ta Kano. Albashi ya daina kaiwa ƙarshen wata, kuma har yau ban yarda cewa ƙorafina na banza ne ba, domin kowa ya ji a jikinsa. Sai dai ina da ɗakin kwana, ina da aiki, kuma kowace safiya nakan durƙusa in gaida mahaifina kafin in fita. Na ajiye aikin, na tafi Umra da niyyar zama, na koma takari marar igama, wato takardar izinin zama, a Jidda. Muna kwana cunkushe a ɗaki ɗaya, takalma a kusa da kai, ko mota ce ta tsaya a ƙofar gida sai gabanmu ya faɗi. Da zazzaɓi ya kwantar da ni ban iya zuwa asibiti ba, don tsoron a nemi takarda. Rasuwar mahaifina a wasiƙa ta iske ni, bayan an gama zaman makoki. Wani lokaci nakan ce ai neman halal na fita, kuma na aiko da abin da ya sawwaƙa. Wani lokaci kuma nakan tuna cewa a duk shekarun masaƙa ban taɓa gode wa Allah ba a kan barcin da nake yi babu fargaba.

Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiya a jikinsa, yana da abincin yininsa, kamar an tattara masa duniya ne. Tun ina makarantar allo nake jin hadisin, amma sai a Jidda ya shiga kunnena.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, amma ku matasan yanzu ba ku da haƙurin sauraro, kanku yana sunkuye a waya kuna auna rayuwarku da hoton motar wani. Don haka a taƙaice: kada ku sayar da abin sana'arku saboda jita-jita, kuma kada wanda iyayensa ke raye ya sake cewa ba shi da komai. Ban ce ku naɗe hannu ba, domin godiya ba lalaci ba ce, kuma ni ma da a ce da takarda na tafi wataƙila da ban yi nadama ba. Wanda ya ga dole sai ya tafi, ya nemi biza ta gaskiya da albarkar iyaye, ya bar keken ɗinkin a gida, domin hamadar da ke tsakanin Agadez da Libiya ta cinye mutanen da har yau danginsu ba su san inda kabarinsu yake ba.